Yadda ake neman diyyar rauni da albashin da ya salwanta bayan haɗarin mota a Saudiyya

Mota ta buge mutum yana tsallaka titi a Shara Mansur da ke Makka, ko ta yi karo da wadda yake ciki a kan hanyar Jidda zuwa Makka. Yana kwance da filasta har cinya, sai ga dangin direban sun zo dubiya da katan ɗin lemo da dabino. Ana ta jajantawa, ana cewa ƙaddara ce, kuma gaskiya ne ƙaddara ce. A zuwa na biyu sai a miƙo takarda, a ce ya sa hannu don a saki yaron nasu, wato direban. Takardar nan ita ce tanazul, wato yafe haƙƙi. Mutanenmu da yawa sun rasa diyyarsu a wannan minti ɗaya, tun likita bai gama sanin ko ƙafar za ta koma daidai ba.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, diyya a ƙasar nan a kan takarda ake gina ta, kuma takardun tun ranar haɗarin ake fara tara su. Na biyu, kuɗin rauni da kuɗin albashi ba ta ƙofa ɗaya suke fitowa ba. Wanda ya bi ƙofa ɗaya ya tsaya, ya bar sauran haƙƙinsa a ƙasa.

A wurin haɗarin

Idan akwai wanda ya ji rauni, a kira 997 don motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilalul Ahmar, sannan 993 don murur, wato 'yan sandan kula da hanya, ko 911 a yankunan da lambar ke aiki kamar Makka da Riyad. Kamfanin Najm yana zuwa ne a haɗarin da ƙarfe kawai ya lalace kuma akwai inshora. Da zarar jini ya fita ko ƙashi ya karye, maganar ta koma hannun murur. A nan ake yin kuskuren farko: mutum yana jin zafi a wuya ko a baya, amma don kada a daɗe a rana sai ya ce lafiyarsa ƙalau, a rubuta haɗarin a matsayin wanda babu rauni. Bayan kwana uku ciwon ya taso, rahoton kuma ya riga ya ce babu wanda ya ji ciwo. Ana iya gyarawa, amma da wahala. In ka ji wani abu a jikinka komai ƙanƙantarsa, ka faɗa a rubuta, ka je asibiti a ranar.

Wanda ke da ƙarfin riƙe waya, ko abokin tafiyarsa, ya ɗauki hoton motocin kafin a matsar da su, da lambar motar, da alamar birki a kwalta, da fitilar kan hanya idan akwai. A karɓi lambar wayar shaidu biyu. A duba ko akwai kyamara a ƙofar wata bakala (ƙaramin kanti) ko gidan mai da ke fuskantar wurin, a gaya wa jami'in murur, domin waɗannan kyamarori suna goge abin da suka ɗauka bayan ɗan lokaci. Idan direban ya gudu, lambar motar ko rabinta ma tana da amfani, kuma gudu daga wurin haɗari laifi ne mai zaman kansa a dokar murur.

Kason laifi

Rahoton murur zai raba laifi: kashi 100 a kan wane, ko 75 da 25, ko 50 da 50. Duk riyal ɗin da za ka karɓa daga baya da wannan kason za a auna shi. Idan diyyar rauninka ta kai riyal 60,000 kuma an ɗora wa direba kashi 50 kawai, 30,000 za ka gani. Saboda haka ka nemi lambar haɗarin, ka karanta rahoton, ko ka sa wanda ya iya Larabcin ofis ya karanta maka, ba Larabcin kasuwa ba. In kason bai yi maka daidai ba, wa'adin ƙorafi gajere ne, kwana 10 daga ranar haɗarin, kuma ba ya jiran a sallame ka daga asibiti. Ka tura ɗan'uwa ya bi maganar da hotuna da shaidu. Mai tafiya a ƙasa da ya tsallaka babban titi alhali ga gadar tsallakawa a kusa, ya sani za a iya ɗora masa kaso mai yawa.

Takardun asibiti

Rahoto biyu ne ke da nauyi. Na farko shi ne wanda ake rubutawa a kwanakin farko, mai bayanin raunukan da tsawon lokacin da ake sa ran warkewa. Wannan adadin kwanakin yana da tasiri ko a ɓangaren hukunci, domin dokar murur ta bambanta raunin da jinyarsa ta wuce kwana 15 da wanda bai kai ba. Ka tabbata an rubuta cewa haɗarin mota ne ya jawo raunin, kuma an lissafa kowane rauni daban: haƙori nawa suka fita, wane yatsa, wane ƙashi, tsagar kai ta kai ga ƙashi ko ba ta kai ba. Jimlar da ta ce "raunuka a wurare daban-daban" ba ta ba alƙali abin aunawa.

Na biyu shi ne rahoton ƙarshe, wanda ake bayarwa bayan jinya ta ƙare ko raunin ya tsaya a inda zai tsaya. A ciki ne ake faɗin ko an warke sarai ko an bar naƙasa, da kason naƙasar, kuma sau da yawa kwamitin likitoci ne ke tantancewa. Kada ka yi sulhu, kada ka karɓi cak na "ƙarshen magana", kafin wannan rahoton ya fito. Karayar da aka ce wata biyu tana iya ƙarewa da ƙarfe a cinya da ɗingishi na har abada, kuma tsakanin diyyar waɗannan biyun akwai tazara mai nisa.

Duk rasit a ajiye: magani, hoton ƙashi, gashin ƙashi, sandar dogarawa, keken guragu, har kuɗin motar zuwa asibiti in akwai shaidarsa. A sa su a fayil ɗaya bisa kwanan wata, a kuma ɗauki hotonsu a waya, domin rubutun rasit ɗin kantin magani yana dushewa cikin 'yan watanni a zafin ƙasar nan. Hutun jinya kuma ka tabbata asibiti ya shigar da shi a tsarin Ma'aikatar Lafiya har ka gan shi a manhajar Sehhaty. Takardar hannu da babu ita a tsarin, mai gidan aiki yana iya ƙin karɓarta.

Maganar tanazul

A kowane haɗari mai rauni akwai haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin hukuma, wato hukuncin da za a yi wa direba kan ganganci ko sakaci, wanda zai iya kaiwa ɗaurin shekara 4 da tarar riyal 200,000 idan an rasa rai ko wata gaɓa. Akwai kuma haƙƙinka na kanka. Yafewarka ba ta share na hukuma, kuma riƙe naka ba zalunci ba ne ga direban. Galibi ma ba daga aljihunsa kuɗin za su fito ba, daga kamfanin inshora ne, wanda aka biya tun farko saboda rana irin wannan. Idan ka yafe, kamfanin ka yi wa kyauta, ba yaron da uwarsa ke kuka a bakin gadonka ba. Yafiya alheri ce babba ga wanda ya yi ta da sani, amma a yi ta bayan an san abin da ake yafewa. Wanda aka matsa masa yana iya cewa cikin ladabi, "Baba, ba ni da ƙulli da ɗanku, amma ba zan sa hannu ba sai likita ya gama." Wannan ya isa.

Yadda ake auna rauni

Dokar Mu'amalolin Farar Hula da ta fara aiki a Disambar 2023 ta faɗa a sashe na 142 cewa diyyar rai da ta gaɓoɓi bisa ma'aunin shari'ar Musulunci ake yanke ta. Tun 2011 diyyar kisan kuskure ga namiji Musulmi riyal 300,000 ce, a madadin raƙuma 100, wato kowane raƙumi riyal 3,000. Daga nan lissafin ke fitowa, irin wanda duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya sani. Haƙori ɗaya raƙuma 5, riyal 15,000. Yatsa ɗaya raƙuma 10, riyal 30,000. Hannu ɗaya, ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya, riyal 150,000. Tsagar kai ko fuska da ta bayyana ƙashi raƙuma 5. Raunin da ya huda ciki, ko wanda ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa, sulusin diyya, riyal 100,000. Rasa amfanin gaɓa, kamar gani ko ji, ana auna shi kamar rasa gaɓar.

Raunin da shari'a ba ta yanke masa adadi ba, alƙali yana tura shi ga mai auna raunuka na kotu, wanda ake kira muƙaddirush shijaj. Shi da rahoton likita yake aiki, shi ya sa muka dage a kan a rubuta kowane rauni da sunansa. A ɗauka mutum ya rasa haƙora 3 da yatsa 1: 45,000 da 30,000, jimla 75,000. Idan laifin direba kashi 75 ne, abin da zai hau kansa 56,250 ne. Idan likita ya manta haƙori ɗaya a rahoto, an yi asarar fiye da riyal 11,000 ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

Wa zai biya

Inshorar mota ta dole tana biyan wanda aka yi wa ɓarna har zuwa riyal miliyan 10 a haɗari ɗaya, kuma diyyar rai, diyyar rauni, kuɗin magani da gyaran mota duk suna ciki. Fasinja da mai tafiya a ƙasa suna cikin waɗanda ake biya. Direban da ya jawo haɗarin ne ba ta biyan raunin jikinsa. Wani abin da mutane ba su sani ba: ko direban ya keta jar fitila, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko lasisinsa bai dace da motar ba, kamfanin ba shi da ikon ya hana ka haƙƙinka. Zai biya ka, sannan ya koma kan direban ya karɓi kuɗinsa. In wani ma'aikaci ya ce maka "direban ya karya sharaɗi, ba mu da alhaki", ka ce ya ba ka wannan amsar a rubuce.

Gyaran mota hanyarsa gajeriya ce: rahoton haɗari, kimantawa a cibiyar Taqdeer, sannan a kai wa kamfanin. Na rauni ne ke da tsawo. Za a nemi rahoton murur, rahotannin likita, kwafin igama (katin izinin zama) ko fasfo, lambar IBAN ta asusun da ke da sunanka, rasit ɗin magani, kuma galibi takardar hukuncin kotu da ta faɗi adadin diyyar. Ka karɓi lambar shigar da buƙata da kwanan wata. Kamfani yana da kwana 15 ya biya mutum daga ranar da takardu suka cika, don haka idan ana ta ce maka akwai saura, ka nemi a lissafa abin da ya rage a saƙo ɗaya.

In an ƙi biya ko an yi ta ja maka rai, ka fara shigar da ƙorafi a kamfanin, sannan a Hukumar Inshora, wadda ta karɓi kula da harkar daga babban banki a 2023. In ba a warware ba, akwai kwamitocin yanke hukunci kan rigingimun inshora a Riyad, Jidda da Dammam, kuma ta intanet ake shigar da ƙara. Ba sa sauraron ƙarar da ta wuce shekara 5 daga ranar da kuɗin suka wajaba.

Motar da ba ta da inshora, kai tsaye kan direban za ka bi.

A kotu

Ƙarar haɗarin mota a sashen murur na Babbar Kotu ake shigar da ita, ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a a intanet, ana shiga da manhajar tantance mutum ta Nafath. Ana iya fara tura ku sulhu ta dandalin Taradhi, kuma takardar sulhun da aka tabbatar a can tana da ƙarfin hukunci, don haka kada ka amince da adadi a can sai ka yi lissafinka. A takardar ƙara a ware kowace buƙata da adadinta: diyyar rauni, kuɗin magani, albashin da ya salwanta. Alƙali ba ya ba ka abin da ba ka nema ba. Kada kuma a zuga ka ka rubuta adadin da ba ka da hujjarsa, domin tun 2022 akwai kuɗin shari'a da kan kai har kashi 5 cikin 100 na abin da aka nema, kuma wanda aka kayar a shari'ar ne ke ɗauka. Zaman da Larabci ake yi, sau da yawa ta bidiyo, kuma wanda Larabcinsa bai kai ba ya nemi tafinta tun kafin ranar. Bayan hukunci akwai kwana 30 na ɗaukaka ƙara. In ya tabbata aka ƙi biya, sai kotun zartarwa.

Wa'adin shigar da ƙarar diyya shekara 3 ne daga ranar da ka san ɓarnar da wanda ya yi ta, kuma ba ya wuce shekara 10 daga ranar haɗarin.

Albashi

Tambayar farko: ina za ka lokacin da abin ya faru? Idan kana kan hanyarka ta yau da kullum daga gida zuwa wurin aiki, ko kana dawowa, ko aikin ne ya aike ka, wannan raunin aiki ne a wurin GOSI, hukumar inshorar ma'aikata, kuma reshen haɗurran aiki ya haɗa da baƙi, mai gidan aiki ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi dominsa. Ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 7, a rubuce, ko da saƙon waya ne da za ka ajiye. Su kuma suna da kwana 3 su sanar da GOSI. In sun yi shiru, kai ma kana iya kai rahoton. GOSI tana ɗaukar magani, tana biyan cikakken albashin da aka yi maka rajista da shi na kwanakin da ba ka iya aiki, ko kashi 75 lokacin da kake kwance a asibiti a kan kuɗinta, kuma in an bar naƙasa tana biyan baƙo kuɗi a dunƙule. Inda abin ke ciwo shi ne idan kamfani ya yi maka rajista da riyal 800 alhali 2,000 kake karɓa, domin da 800 ɗin za a yi lissafi. Ka duba wannan tun kana da lafiya.

Idan ba a hanyar aiki ba ne, sashe na 117 na dokar ƙwadago ke aiki: kwana 30 na farko cikakken albashi, kwana 60 na gaba kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 babu albashi, duk a cikin shekara ɗaya. Sashe na 82 kuma ya hana a kore ka saboda rashin lafiya kafin ka cinye wannan hutun. Mai albashin riyal 2,000 da ya kwanta wata 4 zai karɓi 2,000, sannan 1,500 sau biyu, wata na huɗu babu komai. Ya sami 5,000 a maimakon 8,000. Giɓin 3,000 ɗin nan shi ne zai nema a kan wanda ya jawo haɗarin. In wurin aikin ne ya ƙi biyan hutun, wannan ƙara ce daban: sulhu a Ma'aikatar Ƙwadago na tsawon kwanakin aiki 21, sannan kotun ƙwadago, kuma ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shari'a a can.

Madogarar neman giɓin ita ce sashe na 137 na Dokar Mu'amalolin Farar Hula, wanda ya ce diyya ta ƙunshi asarar da aka yi da samun da ya kuɓuce, muddin ɓarnar ce ta jawo su. Kamfanin inshora ba ya miƙo wannan da kansa, kuma alƙali ba ya yanke shi da baki, sai da hujja: kwantiragin da ke Qiwa, dandalin Ma'aikatar Ƙwadago, bayanan banki na watanni 6 kafin haɗarin da na bayansa, takarda daga wurin aiki mai faɗin abin da aka yanke, da hutun jinya da ya yi daidai da waɗannan kwanakin. Mai karɓar kuɗinsa a hannu, ko mai aikin yini, a nan yake shan wahala. Ya tara abin da zai iya, kamar rasit ɗin kuɗin da yake turawa gida duk wata da shaidu biyu daga waɗanda suke aiki tare, amma ya san hujjarsa ba ta kai ta mai asusun banki ƙarfi ba.

Direban gida da mai aikin gida ba sa ƙarƙashin GOSI ko wancan sashe na 117. Suna da nasu tsarin, mai hutun jinya har kwana 30 a shekara bisa rahoton likita, kuma rigimarsu da kafili ta Ma'aikatar Ƙwadago take farawa. Haƙƙinsu a kan direban da ya buge su kuwa daidai yake da na kowa.

Mai shirin barin ƙasar, da magada

Alhaji ko mai umara yana da inshora a cikin bizarsa da ke ɗaukar jinyar gaggawa, amma wannan ba ita ce diyyarsa ba. Shi da duk wanda za a yi wa bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar, kada ya hau jirgi sai ya karɓi kwafin rahoton murur da na asibiti, kuma ya yi wa amintacce ko lauya mai lasisi wakala. A rubuta a cikinta cewa wakilin yana da ikon shigar da ƙara, bin kamfanin inshora da karɓar kuɗi. Ikon yafewa da na sulhu a cire su, sai in da gangan ake so a ba shi. Wakalar da aka yi daga Najeriya sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje da ofishin jakadancin Saudiyya, a kuma fassara ta zuwa Larabci a wurin mai fassara da aka amince da shi, abin da kan ci watanni.

In rai ne ya salwanta, diyyar ta magada ce, ana raba ta kamar gado. Za a nemi takardar shaidar rasuwa, takardar kotu mai lissafa magada gaba ɗaya, da wakala daga kowane baligi a cikinsu. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, ko na Nijar ga 'yan Nijar, shi ne wurin fara tambayar yadda za a tabbatar da takardun da suka fito daga gida. Ɗan'uwan mamaci da ke zaune a Makka ba shi da ikon yafewa a madadin matar da 'ya'yan da ke Kano ko Damagaram don kawai shi ne a kusa. Kowane magaji rabonsa kaɗai yake iya yafewa, rabon yaron da bai balaga ba kuwa ko waliyyinsa ba ya iya yafe shi.